Biskit ɗin Japan a sadakar Malam

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya ƙarin haƙurinmu?

Da na buɗe kwalin da abokan aikin maigidana Malam suka kawo don sadakar rasuwarsa, sai na ga biskit ɗin shinkafa ne na Japan. Wai tunda ba ni da tandar waina a nan Dubai, ai shi ma shinkafa ne.

Na ɗanɗana, Yaya. Wani tauri kamar tsakuwa, wani an naɗe shi da baƙin ganye mai ƙarnin kifi. Koren kuwa yajinsa har hanci, tofarwa na yi. Malam mai son waina mai laushi zan yi wa sadaka da wannan?

Don Allah ki soya waina a raba, a yi masa addu'a. A gaida kowa. Har yau ban yi sadakar ba.

Ƙanwarki, Rabi