Hoton da Wayarka Ta Kasa Karanta Maka

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ɗanka ne Iliyasu, wanda kake kira Ilu. Shekara guda ke nan da rasuwarka, kuma akwai maganar da na ɓoye maka har aka kai ka makwanci. Yau zan faɗe ta a gaban masu karanta wannan shafi.

Baba, kai mutum ne mai son jarida tun kana koyarwa. Da ciwon ido ya rufe maka gani, ba tafiya ka fi kewa ba, karatu ne. Shi ya sa ranar da na saita maka wayarka ta riƙa karanta rubutu da murya, ka yi dariya har da tari. Ka ce, "Wayar ga Hausarta ta Baturen mulki ce, amma dai ta fi ka haƙuri."

Da ita kake bin shafin labaran unguwa da nake gudanarwa daga shagona na Ƙofar 'Yandaka. In ta iso kan hoto kuwa, sai ta ce "hoto" kawai ta wuce. Ka sha yi mani ƙorafi a kan haka, ni kuma in ce zan gyara. Gaskiya ita ce ina alfahari da zanena. Sanarwar biki, ta suna, ta rasuwa, duk cikin hoto nake cusa rubutun, da ado da launi, mutane suna ta yabo.

Sai ranar da Malam Rabe ya rasu. Amininka na shekara arba'in, wanda duk Juma'a yake zuwa ya kama hannunka ku tafi masallaci ta wajen hasumiyar Gobarau, kuna musu a kan wanda ya girmi wani. Kun yi alkawari, duk wanda ya riga rasuwa, ɗayan zai tsaya masa a sahun gaba.

Da hantsi ɗansa ya kira ni, ya ce in fitar da sanarwa. Na ɗauko hotonsa mai farar hula, na rubuta lokacin jana'iza a ƙasa, ƙarfe biyu bayan Azahar, na sa a shafi da zauren unguwa na waya. Ban kira ka ba. Na ce ai kana zauren, ka ji. Su ma iyalansa haka suka ɗauka, tunda ɗanka ne ya yi sanarwar.

A wajen jana'izar na duba sahun gaba ban gan ka ba. Na duba na biyu. Nan ma ba ka ciki.

Na dawo gida na same ka a zaure kan tabarma, waya a kunne. Ka ce, "Ilu, yau mi ya samu mutane, kowa sai hoto yake turowa?" Sai na faɗa maka Malam Rabe ya rasu, har an yi jana'iza. Daga baya ka tambaya ko ba su sanar ba ne. Na ce sun sanar. Ban ce ni na yi ba.

Ka je ta'aziyya, ka yi addu'a, ba ka zargi kowa a fili ba. Amma na ji ka kana faɗa wa Inna, "Da Rabe ne ke raye, da ƙafarshi zai zo ya gaya mani." Ka tafi kana zaton 'ya'yansa sun manta da kai. Ba su manta ba, Baba. Ni ne. Wallahi abin yana cina har yau.

Ranar da ka rasu, da hannuna na rubuta sanarwarka, zallar rubutu, babu ko ɗigon ado. Malam Sada, makahon nan mai saƙar igiya da kuke hira, daga Batagarawa ya hau mashin ya zo. Ya ce wayarsa ce ta gaya masa. Ya tsaya a sahun gaba, ni kuma na kasa kallonsa.

Yanzu duk hoton da zan sa a shafi sai na rubuta abin da ke cikinsa, bidiyo kuma ina sa masa rubutu saboda kurame. Wasu sun ce shafin ya rage kyau. Su yi ta faɗa. Ku kuma 'yan uwana masu shafuka da ke karanta wannan, don Allah kada ku jira irin darasina.

Babana, ka yafe mani. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Malam Rabe a Aljanna ku ƙarasa musunku. Wannan wasiƙa babu hoto ko ɗaya a cikinta. Da kana nan, da wayarka ta karanta maka ita tun daga sallama har sunana.

Ɗanka mai kewarka,
Ilu.