Haƙorin Baiwa

Agege, 6 ga Maris, 2001

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Baba da ƙafar tasa, da duk mutanen Gumel. Mu nan lafiya lau, sai jikarki Baiwa.

Turmin haƙorinta na ƙasa ya rube. Alawar da babanta Lado yake cika mata aljihu da ita kullum ce ta jawo, amma ko kusa ba ya yarda. Kumatun ya kumbura, ko koko ba ta iya sha sai da kuka. Na sa kanumfari, na sa ruwan gishiri, duk a banza. Wata likita a Ikeja ta duba ta ce sai an cire.

Inna, tsoro nake ji. Kin san yadda aka sa wa ɗana Abba maganin barci za a yi masa aikin cibiya, bai farka ba. Tun daga lokacin ko barcin rana Baiwa take yi sai na kai yatsa hancinta, wani lokaci har in girgiza ta ta tashi tana harara ta. Lado ya rantse ba za a sa ta barci ba, amma shi ma a bakin mutane ya ji. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki, Mastura

Agege, 15 ga Maris, 2001

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Allah Ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. An cire, Inna! Kuma idonta biyu aka fara, idonta biyu aka gama.

Likitar sunanta Dokta Folake, 'yar gajeriya ce, ba za ki ce ta iya cire ko ƙaya ba. Muna shiga na fashe da kuka. Da guntun Yarbancina na kasuwa na ba ta labarin Abba. Ba ta ce na cika ƙauyanci ba. Kujera ta jawo mini har gefen Baiwa, ta ɗora hannun yarinyar a nawa, ta ce in yi ta yi mata hira da Hausa, duk lokacin da ta amsa na san tana nan.

Da farko ta share dasashin da auduga, ta shafa wani mai mai ƙamshin ayaba. Baiwa har tana neman lashewa, kwaɗayi gadon ubanta. Da wurin ya mutu, sai ta ɗauko allura siririya, ta biyo da ita ta ƙarƙashin haɓa inda yarinyar ba za ta gani ba. Tana girgiza kumatun da yatsa tana tura maganin a hankali, ba gaggawa. Ni da na ga allurar na fi Baiwa jin ta. Sai da ta taɓa wurin ta tabbatar ba ta jin komai kafin ta kama haƙorin. Ina tambayar Baiwa sunan akuyarki, tana amsawa baki a buɗe, sai ga haƙori a faranti.

Wallahi matar nan ta burge ni. Har bakin ƙofa ta rako mu tana jan kunnena kada in bar yarinyar ta ciji leɓenta, don ba za ta ji zafi ba sai maganin ya sake ta. Lado kuwa yana jiranmu a waje da ƙullin tsire, wai na murna. Ya sha faɗa wurin likitar da Turanci da Yarbanci, na ƙara masa da Hausa.

A motar haya ta danfo muna dawowa, Baiwa ta gama ƙorafin wai leɓenta ya zama na raƙumi, ta kwanta a cinyata barci ya ɗauke ta. Hannuna ya tafi hancinta kamar kullum, sai na mayar da shi kan bayanta. Tun daga Ikeja har Agege ban tashe ta ba, Inna. Na bar ta ta yi barcinta.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Mastura