Sunan da Anka Tsallake a Waƙar Illo

Tibiri, ranar Litinin

Zuwa ga Malam Ma'azu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ina kasuwa? Ina autana Nasiru? Da fatan shina taimakonka da ciniki a butiki yadda ya kamata.

Ban yi maka saƙon murya ba don telehon ɗinka kowa na taɓa shi. Jiya wajen suna wata yarinya ta kunna waƙar "Kallabin Sukukutane", sai na ji muryar mai gidana, Allah shi jiƙanai. Sai da na zauna ƙasa. Ta ce duk Dogon Dutsi ita ake ji, wai tsohon kaset ne na Orkestar Zabin Arewa anka tono don tunawa da shi.

Malam, kai ne mai jita na biyu a orkestar nan, kuma da bakinka ka ce mini ka ƙone jitarka ranar da ka tuba. Tun da mota ta kashe mai gida a hanyar dawowa daga wasa na rantse ɗana ba shi riƙa jita. Don haka na ba ka shi, ba don ka fi kowa iya ciniki ba. Kaset ɗin mai gida duka suna kulle cikin akwatina, har tarin da ya yi a kowane na sani. Wanga ban san shi ba. Daga ina ya fito?

Ka gaida mutanen gida.
Habsatu

Dogon Dutsi, ranar Laraba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Habsatu, matar aminina Illo, Allah shi yi mashi rahama.

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Nasiruddeen yaro ne mai ladabi, sahun farko shike salla.

Game da waƙar, ni ma a bakin mutane na ji. An ce Kabiru, mai gangarmu na da, shi ya samu kaset ɗin cikin tarkacenai, yara sunka zuba shi a telehon. Kin san na bar wannan hanya, ba ni son a tayar da ita. Ki kwantar da hankalinki, ki yi ma Illo addu'a, ita ce mai amfaninai yanzu.

Wassalam.
Ma'azu

Tibiri, ranar Lahadi

Malam Ma'azu,

Na gaishe ka, kuma na gode da wa'azi.

Kabiru dai ya zo kasuwar Tibiri, na tare shi. Ya ce rabonai da kaset tun kafin ruwa su ci ɗakinai, kuma ya ƙi kallon idona.

Na sa an zuba mini waƙar, na saurara har kunnena ya yi zafi. Ka san wurin da mai gida kan yi ma kainai kirari, shi kira sunanai shi ce "na Tibiri mai jita". Sau uku shike zuwa a waƙar. A wagga, duk ukun babu sunan. Kada ka ce mini kaset ne ya goge, don ganga ba ta tsaya ba, jita ba ta tsaya ba. Mai waƙar ne ke zuwa bakin sunan, shi ja numfashi, shi wuce.

Ni za a ɓoye ma wannan? Tun ranar da anka kawo ni gidan nan ban taɓa faɗin sunan ga ba, na san yadda ake tsallake shi. Mutum biyu ke yin haka, matar mutum da ɗan mutum. Ni ko ban yi waƙa ba.

Ina jin tsoro, Malam, kuma raina ya ɓaci da kai. Ka faɗa mini gaskiya ko in shigo motar Juma'a in tambaye ka gaban mutanen masallacinku.

Habsatu

Dogon Dutsi, ranar Talata

Assalamu alaikum.

Habsatu, don Allah kada ki zo masallaci.

Muryar Nasiru ce. Jitar kuma hannuna ce, ban ƙone ta ba, tana bayan buhunan shinkafa. Wata rana ina jin shi shina jera kwali shina rera amshin waƙar, na ɗauka Illo ne ya shigo butiki. Ya ce bai san komi na ubanai ba sai amshin ga, tunda kin kulle kaset ɗin. Na koya mashi sauran daga abin da na tuna. Na gaya mashi ke anka yi ma waƙar, lokacin kina budurwa a Sukukutane. Da munka ɗauki waƙar a telehon, ni na ce a yaɗa cewa tsohon kaset ne, don in rufe shi in rufe kaina. Na matsa mashi shi faɗi sunan don kada a gane, ya ce ko za a yanka shi ba shi iyawa.

Yanzu gidan radiyo na neman mai muryar. Ya ce ba shi zuwa sai da yardarki, in kin hana kuma ya bari har abada. Tun da takardarki ta zo bai ci abincin kirki ba.

Ki yafe mini.
Ma'azu

Tibiri, ranar Alhamis

Nasiru,

Ina gaishe ka. Ka ce ma Malam ban yafe ba tukuna.

A baiti na biyu ka ce kallabin ja ne. Shuɗi ne, shina nan cikin akwatina tare da kaset ɗin. Ka zo ka ɗauke su ka koya daidai, kada ka je radiyo ka kunyata ubanka. Ba da dare za ka hau mota ba.

Wurin sunan kuma ka bar shi yadda ka bar shi.

Innarka