Ranar da teku ya zagaye mu da Ummi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san babu gidan wayan da zai kai miki takardar nan, amma maganar ta tokare mini ƙirji, kuma ke kaɗai ce zan gaya wa ba a ce na cika raki ba.

Da surukinki ya gama jarrabawarsa, sai ya ce tun da ya kawo ni Greensboro a nan Amurka ban san ko'ina ba, daga shagunan High Point Road sai asibitin da na haihu. Wai zai nuna mini ƙasa. Na soya kaji, na yi dambun nama, na goya Ummi, takwararki da ba ki gani ba, muka shiga tsohuwar motar nan tasa mai tari duk safiya.

Da duwatsu muka fara, can wajen Brevard. Inna, ruwa ne ke zubowa daga saman dutse, ƙararsa sai kin ɗaga murya na kusa da ke zai ji. Ko matsawa ban yi ba. Yana ta ɗaukar hoto yana tsokanata wai 'yar tudu, ni kuwa ina jingine da mota riƙe da ƙafar yarinya. Ashe a inda ba komai na ƙarar da tsorona.

Daga nan muka miƙa gabas, tafiyar yini guda, har Wilmington da Southport, da wasu ƙananan garuruwa masu ƙarnin kifi, jiragen ruwa a ɗaure kamar awaki a turke. Da na ga teku sai na kama tasbihi.

Abin da ya kore mu daga cikin mutane kunya ce. Maza da mata kwance a rairayi kusan yadda aka haife su, surukinki ya rasa inda zai sa idonsa. Muka yi ta tafiya a ƙasa har muka daina jin muryar kowa. Can muka hango wani tudun rairayi fari tas, ɗan ruwan da ya raba mu da shi iyakarsa idon sawu.

Kafin in taka sai da na yi abin da kika koya mini a rafin bayan garinmu. Kullum kikan ce, "Dije, dubi gabas tukuna, in babu hadari ki wuce abinki." Na duba. Sama wasai, ko ɗigon gajimare babu.

Muka tsallaka, muka shimfiɗa tabarma, muka ci, muka yi azahar. Shi barci ya ɗauke shi, ni ina ba Ummi nono. Sai na ji gefen zanina ya jiƙe. Da na waiga, hanyar da muka biyo ta zama kogi, yana gudu ba ƙara ba komai, tudun kuma yana ƙanƙancewa ina kallo. Ba a yi ruwa ba, Inna. Haka kawai tekun ke tafiya ya dawo kullum, mu ba mu sani ba.

Na tashe shi. Ya miƙe ya dubi ruwan, ya ce, "Innalillahi, tide ne, wallahi mun karanta shi a makaranta." Ban taɓa jin haushin karatunsa irin na lokacin ba. Daga ni har shi babu wanda ya iya iyo. Muka yi kira, iska ta kwashe muryar.

Ya ce shi zai shiga gaba yana laluben ƙasa da ƙafa, in da rami shi ya fara faɗawa, don haka yarinya ta zauna a wurina. Na so in goya ta, sai na ga ruwan zai rufe goyo kafin ya kai mini wuya. Na ɗora ta a kaina na riƙe cinyoyinta da hannu biyu. Ya ɗaure majanyi a ƙuguna, ɗaya bakin a hannunsa. Komai muka bari a wurin, har takalma.

Ruwan ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Zani ya nannaɗe mini ƙafafu, rairayi yana zamewa a ƙarƙashina duk inda na taka. Ban ji tsoron mutuwata ba, na rantse miki. Tsorona kada hannuna ya saki.

A tsakiya wata igiyar ruwa ta rufe ni gaba ɗaya. Ban ga komai ba, gishiri ya cika mini hanci, ƙafata ɗaya ta bar ƙasa. Na ɗaga yarinyar sama iya tsawon hannuwana. Da kaina ya fito, sunanki na kira da ƙarfi, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba. Har yau ban san ko ke na kira ko ita ba.

Majanyin ne ya fizgo ni. Da muka fita na zube a rairayi, Ummi kuwa tana ɓangala dariya, ta zaci wasa ne. Surukinki yana kuka kamar yaro, yana ɓamɓare yatsuna daga jikinta ɗaya bayan ɗaya, don sun ƙi buɗewa. Shatinsu ya yi kwanaki a cinyarta.

Mun dawo gida lafiya. Maƙwabciyarmu Anti Laraba, 'yar Kafanchan, ta yi mana faɗa har ta gaji, sannan ta rungume ni. Amma ban warke ba. In zan yi wa Ummi wanka, ruwan ba ya wuce tafin hannu a baho, kuma ba na waigawa ko sabulu ne ya faɗi. Abin da ya fi tsorata ni, Inna, a ƙasar nan nake renonta, kuma ban san sauran abubuwan da ban sani ba. Ke kin san duk abin da za ki tsare ni daga gare shi. Ni me zan ce mata ta duba?

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya haɗa mu a Aljanna. Ya raya mini yarinyar nan, Ya tsare ta a inda idona bai kai ba. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Dije