Katako Ne a Cikin Akwatin Jitar Ɗana

Malama mai kula da wannan fili, ki taimake ni don Allah, na rasa wanda zan faɗa wa. Shekarata sittin da uku, arba'in daga ciki a ƙarƙashin mota na yi su. Ban taɓa rubuta wa jarida ko layi ɗaya ba, iyakata da ita in shimfiɗa in zuba notuna a kai. Idan kin ga zancena yana yawo ki yi haƙuri, kan ne ba daidai ba.

Ɗana na biyu ya rasu shekara huɗu da suka wuce, yana da shekara ashirin da shida. Zazzaɓi ne na kwana tara. Jita yake kaɗawa, ni kuwa Allah ya sani ban taɓa ƙaunar abin ba. Ranar da ya shigo da ita gida na ce shiririta ce, kuma in dai ina numfashi ba za a kaɗa mini ita a cikin gida ba. Bai ja da ni ba, shi dama ba mai ja ba ne. Sai ya riƙa ɗaukarta yana tafiya wajen abokinsa. Shekara bakwai yana kiɗa, ban taɓa zama na saurare shi ba. Abin da ya rage mini yanzu wani ɗan sauti ne da ƙanwarsa ta naɗa a waya, bai kai minti ɗaya ba. Kiɗa ne da ya haɗa da kansa, can ƙarshe ya yi kuskure ya fashe da dariya.

Mahaifiyarsa ta rabar da kayansa duka, har takalma, ta bar jitar kaɗai. Tana cikin baƙin akwatinta a saman kabad ɗin ɗakinmu. Duk ƙarshen mako sai ta taka kujera ta sauko da akwatin, ta goge shi tsaf, ta mayar. Ba ta taɓa buɗe shi ba, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Bara da na bar aiki, zaman gida ya ishe ni, sautin nan kuma ya hana ni sakat. Sai na raya a raina cewa zan koyi ɗan kiɗan nan, in zauna wata rana in kaɗa wa uwarsa, ya zama shi ne ban-haƙurin da bakina ya kasa furtawa. Ranar da ta je asibiti awon jini na buɗe akwatin na cire jitar. Na yanko katako, na naɗe shi da tsohon bargo, na auna nauyin da hannu har ya zo daidai, na rufe na mayar. Jitar kuma na kai ta cikin wata matacciyar bas da ke bayan garejinmu na da, wadda ko taya babu a jikinta. Nan nake zuwa kullum da rana, a gida kuwa in ce na tafi hira wajen tsofaffin abokan aiki.

Wata takwas ke nan ina bin masu koyarwa a waya. Malama, hannun da ya saba da sifana ba ya jin lallashi. Manuniyata ta hagu giyar mota ta taɓa danne ta, ba ta lanƙwasuwa. Sauran yatsun kuma kauri gare su, in na danna tsirkiya ɗaya sai biyu su amsa. Kunne ma ya tafi. Ni da nake gane ciwon inji tun mota ba ta shigo gareji ba, yau sai wani shuuu nake ji dare da rana. Mai koyarwa yana cewa a murɗa tsirkiya har muryarta ta yi daidai da tasa, ni duk ɗaya nake jin su. Sai na koma wa abin da na sani, na riƙa murɗawa har hannu ya gaya mini ta kama, sannan in ƙara ɗan kaɗan, yadda nake yi wa notin taya.

Haka na tsinka tsirkiya uku. Da na duba sai na ga ashe na roba ne, na ce to ga matsalar, kayan ne ba su da ƙwari. Na je shago na ce a ba ni na ƙarfe, mafi kauri. Mai shagon ya tambaye ni wace irin jita ce, na ce masa jita dai, don kunya nake ji kada ya ja zancen. Na ɗaura su na tamke. Kwana biyar ina jin daɗi, ƙara ta ƙaru har kunnena yana kamawa. A rana ta shida jitar tana kan cinyata na ji ƙas, ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiyoyin a cikinta ya ɓalle.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma makanike ba ya ganin abu ya ɓalle ya naɗe hannu. Na shafa gam ɗin da muke liƙe lagireto da shi, na huda rami biyu, na zura kusoshi na ɗaure da noti ta ciki. Ina cikin ɗaure na biyun fuskar jitar ta tsage tun daga ƙasa har bakin babban ramin da ke tsakiyarta. Tsagar ta bi ta daidai inda fenti ya koɗe saboda gugar yatsun ɗana.

Na nemo mai gyaran kayan kiɗa. Ya daɗe yana juya ta. Daga baya ya ce irin wannan jitar ba a yi ta don tsirkiyar ƙarfe ba, kuma da na kawo ta kafin in huda, aikin yini ɗaya ne. Yanzu sai dai a cire fuskar gaba ɗaya a sa sabuwa, wato wurin yatsun nan ya tafi ke nan. In kuma an bar ta, ba za ta ƙara yin murya ba. Na hana ɗana kaɗa ta yana raye, ya mutu kuma na kashe ta.

Ƙarshen watan nan za mu tashi mu koma ƙaramin gida kusa da 'yarmu. Shekaranjiya muna ɗaure kwalaye maiɗakina ta ce tana jin yanzu za ta iya, kafin mu tashi za ta buɗe akwatin, kuma tana so in zauna kusa da ita. Na ce to. Saura mako uku, kiɗan kuwa ko rabinsa ban iya ba.

Na yi tunanin in sayo mai kama da ita in saka. Na yi tunanin in bar akwatin ya ɓata a motar kwasar kaya. Ban ga wata hanya mai kyau ba, Malama. Ki gaya mini wadda ta fi dama-dama.

Tsohon makanike

*

Baba, Allah ya jiƙan ɗanka, ya ba ku haƙurin rashinsa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba, don ba shi ka zo nema ba.

Jitar nan ba za ta koma yadda take ba. Kiɗan ma, da wannan yatsa da wannan kunne, ba na jin za ka kai shi yadda yake a wayar, balle cikin mako uku. Gara ka sauke wannan buri tun yanzu, ya daina ba ka dalilin jinkiri.

Hanyoyin nan biyu da ka kawo, ka bar su. In ka sayo wata, uwa ce fa, ta san abin ɗanta, kuma wurin yatsun nan shi za ta fara nema. In ka ɓatar da akwatin, za ta ƙarasa rayuwarta tana zargin kanta da sakaci a kan laifin da ba nata ba. Ka yi gyara biyu a ɓoye, ka ga inda suka kai ka. Kada ka yi na uku.

Ta ɓangarenka, ban ga mugunta ba. Mutumin da zai yi wata takwas a cikin matacciyar mota yana fama da yatsun da ba sa jin magana, kewar ɗansa ce ta kai shi, kuma ya kamata matarka ta san haka. Amma ka dubi nata ɓangaren da kyau. Abu ɗaya ta roƙi duniya ta bar mata. Wata takwas tana taka kujera, da shekarunta, tana goge katako da bargo, kai kana kallo. Ina jin wannan zai fi tsagar yi mata ciwo. Za ta yi fushi, tana da gaskiya, kuma ba kai za ka yanka mata ranar hucewa ba. Ba ni da tabbacin da zan ba ka cewa za ta huce da wuri.

Ga abin yi. Ka ce wa mai gyaran kada ya taɓa komai tukuna. Ko a sa sabuwar fuska ta yi murya, ko a cire kusoshin a bar ta da tabonta da wurin yatsunsa, wannan zaɓin na mahaifiyarsa ne, ba naka ba. Ka ɗauko jitar ka kawo ta gida yadda take. Kada ka jira ranar da ta sa, kada kuma ka bari sai ana tsakiyar kwasar kaya. Ka zaɓi safiyar da kuke ku biyu, ka sanar da 'yarku ta kasance kusa ko uwar za ta buƙace ta. Ka fara da abin da ka yi, dalilin ya biyo baya, kuma kada ka kare kanka. Maganar hana shi kiɗa da ka daɗe kana haɗiyewa, ita ma ranar ce ranarta. Baki zai faɗe ta, ba sai da tsirkiya ba.

Koyon jita kuwa, in ranka yana so bayan ƙura ta lafa, ka nemi taka ta kanka da malami mai zama gabanka ya kama maka yatsu, ka kuma je a duba kunnen. Amma ka yi shi da saninta.

Ta ce ka zauna kusa da ita domin tana tsoron abin da za ta gani, kuma kai ta amince wa. Kada ka bari ta ɗaga murfin nan ba ta san komai ba. Ka faɗa mata a cikin makon nan, Baba. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya tata, ya sa ku shiga sabon gidan tare.