Yadda Filin Ajiye Motocinku Ya Kai Ni Yangoji

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'a,
da Shugaban Kwamitin Ranar Ziyarar Iyaye,
da mutumin nan mai busa usur a filin ajiye motoci, in yana karatu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da malamanku da ɗalibanku, masu ƙoƙari da masu barci a aji.

Ranka ya daɗe, sunana Hajiya Dije, ina zaune a Kado, bayan kasuwar kifi. Ba ka san ni ba, amma ka san hotona, don babu wayar da bai shiga ba a makarantarka. Ni ce tsohuwar da aka yi cigiya ranar Asabar ɗin da kuka buɗe ƙofa iyaye da yara su zo su ga jami'a, abin da kuke kira ofin-de. Ba zan kama sunan jami'ar ba, saboda jikata Nusaiba tana neman gurbi a wurinku, kuma ban yarda a huce a kanta ba. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban kai ƙarshe ba, to in ka ga harafi ya karkace ka miƙar da shi, ai aikinku ke nan.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ɗana, Baban Nusaiba, ya yanke hukunci a gaban matarsa da 'ya'yansa cewa in Allah ya sa yarinyar ta samu shiga, ranar rantsar da sababbin ɗalibai ba za a je da ni ba. Wai na zama haɗari a cikin taro. Yarinyar nan a bayana ta yi wayo. Ni na kai ta aji ɗaya tana ihu tana cizon mayafina, ni na raka ta sakandare da kwanon soyayyen kifi. Sai yanzu da za ta sa doguwar riga da hular nan mai kama da faranti za a bar ni a gida ina gadin kaji? Laifin kuwa ba nawa ba ne, na filinku ne, kuma ga shi dalla-dalla.

Na ɗaya, filin kansa. Fili ne fetal, ko bishiya ɗaya babu, sai jar ƙasa da motoci. Ka kuwa san motocin Abuja, kamar uwa ɗaya ta haife su: duk ruwan toka, duk masu ƙofar da ake ja gefe, duk masu kujeru layi uku. Alamar da kuka yi wa layuka wasu haruffa ne a jikin takarda, an liƙa a kan sanduna. Kafin mu gama fitowa daga mota iska ta kwashe rabinsu, kuma da idona na ga wata mata tana fifita da ɗaya. Saboda haka na yi abin da duk mai hankali yake yi in ya shiga baƙuwar kasuwa: na nemi mai sana'a na riƙe ta alama. Dab da motarmu akwai mai sayar da kunun aya a ƙarƙashin jar lema. Na gaishe ta, na dube ta da kyau, na wuce.

Na biyu, yawon da kuka yi da mu. Kun haɗa mu da wata 'yar jagora mai ƙafa kamar ta zalɓe, tana gaba tana Turanci, muna baya muna haki. Bene ta hau da mu ta sauko, ta sake hawa wani. Ta nuna mana ɗakin littattafai inda aka ce ba a magana, ni kuwa a nan atishawa ta kama ni. Ta kai mu wani ɗaki da kuka tsayar da ƙwarangwal ɗin mutum a bakin ƙofa, ba ko ɗan zane. Na yi masa sallama don ba a san ko waye ba, Nusaiba ta mintsine ni ta ce ina ba ta kunya. Na ce mata in ta ci gaba da ƙin cin tuwo, ita za su tsayar a wurin badi. Da gwiwata ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na ce wa babanta ya ba ni makulli in je mota in miƙe. Ya ba ni, ya nuna mini inda zan danna, ya ce motar da kanta za ta amsa.

Na uku, kuma a nan laifinku ya fi girma: ba ku gaya wa mai kunu ta zauna wuri ɗaya ba. Ashe ciniki ya ja ta can wani layi, ta tafi da lemarta. Na tambayi mai usur ina motarmu, ya ce wane launi, na ce ruwan toka, ya miƙa hannu ya zagaye filin gaba ɗaya da shi ya ci gaba da busa. Sai na hango jar lema, na nufe ta. Na tsaya jikin motar da ke kusa, na danna abin nan. Ranka ya daɗe, a filin nan kowa dannawa yake yi, motoci na ta kuka ta ko'ina kamar kwaɗi bayan ruwan sama. Wa zai ce wacce ce ta amsa masa? Na ja ƙofa, ta buɗe. Na shige kujerar can baya, na ƙulle makullin a bakin zanina don kada ya ɓata, na lulluɓa da mayafi tun daga kai har ƙafa. Baban Nusaiba yana cewa wai da na duba da na ga gicciye a rataye jikin madubi. Na gani. Na ɗauka sabon turaren mota ne.

Na huɗu, tafiyar. Waƙa ce ta tashe ni, murya huɗu ko biyar, har da tafi. Na yi lamo ina mamakin yaushe ɗana ya koyi waƙa, mutumin da ko a biki ba ya motsa kafaɗa. Na ɗaga mayafi na leƙa taga, ba benaye, sai kunyar doya har inda ido ya ƙare. Sai na tashi zaune na yi sallama, na tambayi ko akwai ruwan sha.

Ba na son in yi dogon bayani a kan ihun da aka yi. Abin da zan ce shi ne direban gwani ne, don ramin da muka nufa ba ƙarami ba ne, kuma akuyar da ta gifta gabanmu ta tsira. Matar da ke gabana ta kira sunan Yesu, ni na kira na Annabi, muka tsaya muna kallon juna. Ashe iyalin wani manomi ne daga Yangoji, Gbagyi, sun kawo ɗansu Bitrus ganin jami'a. Ƙofar motarsu ta daɗe ba ta kulluwa. Da suka dawo suka ga tulin zane a baya, uwar ta ɗauka kayan mijin ne, mijin ya ɗauka na uwar ne, har suka ɗora mini jakar takardun da kuka raba a kan ƙafa. Mun riga mun wuce Gwagwalada. Wayata tana jakar Nusaiba, lambar ɗana kuwa ban taɓa haddacewa ba, tun da ba sura ba ce.

Maman Bitrus ta ce ba za a juya da baƙuwa da yunwa ba, gida ya fi kusa. Ta shimfiɗa mini tabarma na yi azahar, ta aiki maƙwabcinsu Musulmi ya yanka kaza, ta daka sakwarar da rabona da irinta tun ina da haƙoran gaba. Duk hirar nan "kai" take ce mini, "Mama, ka ci, ka ƙara", ban yi fushi ba, na ƙara. A jami'arku, ranka ya daɗe, ruwan leda ɗaya aka ba ni, shi ma da zafi.

Na biyar, cigiyar. Ina cikin suɗe ƙashi Bitrus ya dubi wayarsa, ya dube ni, ya sake duban wayar. Ashe kun baza ni a duniya. An ce mai lasifikarku ya yi ta shela wai an yi ɓatan wata tsohuwa mai yawan magana. Wa ya ba shi wannan bayanin, ina da wanda nake zargi, kuma gida ɗaya muke kwana. Hoton da aka sa kuwa na wani bikin suna ne, bakina cike da waina, ido ɗaya a rufe. Ina da hoton Makka, ina da na ranar zaɓe, ba a ga ko ɗaya ba. Yanzu a kasuwar Kado in na taya kifi sai a ce Hajiya a yi a hankali kada a shiga kwandon wani.

Shi kuma Baban Nusaiba babban abin da ya riƙe shi ne wai na tafi da makulli, ya wuni a rana jikin mota a kulle, sai da aka zo da ni bayan la'asar da doya a buhu. To wa ya ba ni makullin? Kuma da akwai bishiya a filinku, da a inuwa zai jira, da fushinsa bai kai haka ba. Doyar dai ya ci, har ya tambayi ko da saura.

Ga 'yan'uwana masu niyyar zuwa badi, ku ji daga wadda ta gani. Ku zo da sassafe, ku zo da lema da ruwanku. Kada ku riƙe mai talla alama, ƙafa gare ta. Ku ɗaura tsumma mai launi a madubi, amma kada kowa ya ɗaura ja. Wanda zai kwanta a mota ya fara shinshina ta, kowane gida da warinsa. Wanda zai tuƙa kuma ya taɓa duk wani tulin zane da ke baya kafin ya tayar, in ya yi tari ya tambaye shi sunansa.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, ba shi da yawa. Ku dasa bishiyoyi a filin nan, kowane layi da irin tasa, mutum ya ce motata tana gindin mangwaro. Ku ba mai kunu rumfa ta dindindin, kununta yana da kyau. Ku samo kujeru a gindin benaye saboda masu gwiwa irin tawa, ku kuma yafa wa bawan Allahn nan na bakin ƙofa ko tsohon zane ne. Babban roƙon shi ne ka fito fili ka faɗa da bakinka cewa filin ne ya ɓatar da ni, ba ni na ɓata ba. Ɗana yana jin maganar masu digiri fiye da ta wadda ta yi masa wankan jego. In ya ji daga gare ka zai janye hukuncinsa.

In kuma aiki ya yi maka yawa ba ka samu dama ba, kada ka damu kanka. Ranar rantsarwa za ka gan ni. Maman Bitrus ta aiko mini da saƙo cewa in yaran biyu sun samu shiga za su biyo ta Kado su ɗauke ni, kujerar baya tawa ce. Ɗana ya ce ba za a je da ni a motarsa ba, bai ce komai a kan motar Yangoji ba. Abin da kawai nake so ka sani, in ka hango tsohuwa a layin gaba tana guɗa lokacin da aka kira Nusaiba, kada ka sa a yi cigiya. Wannan karon na san inda nake.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri da ɗalibai. Allah ya ba Nusaiba da Bitrus gurbi, ya tsare ka daga shiga motar da ba taka ba, in kuwa ka shiga, Allah ya sa ta masu sakwara ce.

Taka mai ƙorafi,
Hajiya Dije, Kado.

Wassalam.