Kwamfuta Biyu, Sunan Alhaji Ɗaya

Soron Ɗinki, Kano.

Zuwa ga Gwaggo 'Yardada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Malam da duk jama'armu ta Kumasi. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan jiki ƙalau. Yayata Safiya ta sauka, an samu mace, ita da jaririyar suna lafiya. Inna kuwa kullum mita take, wai tun da kika samu jikoki a can kin manta hanyar gida.

Gwaggo, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Hankalina a tashe yake, kuma ba zan iya faɗa a waya ba, don a gidan nan ko tari na yi sai an ji a soro. Maganar ƙannenki ce, Baba da Baffa Mikail.

Kin san tun rasuwar kakanmu Alhaji Ashafa su biyu ke riƙe da cinikin fatar, rumfa a kasuwar Kurmi, ofis a soron gida. Da na gama karatun kwamfuta suka ce in tsara musu ofishin. Na kafa babbar kwamfuta da ake kira saba, ita ke ajiye odar baƙi da hotunan kaya. Duk wata kwamfutar aiki sai an shigar da ita ƙarƙashinta kafin ta ga komai, wannan haɗin shi ake ce wa domen. Ki ɗauka gida ne, saba ce mai gidan, sai wanda ta sani da suna take buɗe wa ƙofa.

Ta Baba ta shiga lafiya lau, har yana yi wa abokansa alfahari da ni a masallaci. Daga baya Baffa ya sayo tasa sabuwa dal, na shigar da ita, ita ma babu gardama. Wayewar gari sai ta Baba ta ce atafau ba ta san zancen ba, ta rubuto cewa saba ta daina yarda da ita. Babu abin da ban duba ba. Na bi waya da hannu ko ɓera ya ci, na canza ta duk da haka. Na gwada agogonta da agogon sabar, don in suka saɓa ba a shiga. Na duba adireshin da take neman sabar da shi, na sake lambar sirri. Komai daidai. Ƙarshe na cire ta daga domen na sake shigar da ita, ta karɓa. Ban gama hamdala ba Baffa ya ƙwala min kira, tasa ta rufe.

Haka muka yi ta yi, Gwaggo, in gyara wannan waccan ta faɗi. Baffa ya ce ai shi ba yaro ba ne, ni da ubana ne muke kulle shi don kada ya ga oda. Baba ya ce kafin a shigo da waccan na'urar lafiya ake zaune, a tambayi mai ita me aka saka mata. Wallahi ranar a ɗakin Inna na ci kukana. Baffan da yake goya ni zuwa Kurmi ya saya min alewa, shi ne yau yake min kallon munafuka!

Sai da na zauna a gaban ta Baffa ina bin ta tun daga tushe na ga abin. Kowace kwamfuta ana raɗa mata suna kafin ta shiga. Lokacin haɗawa na miƙa wa kowannensu ya rubuta wanda yake so, na kau da kai, kamar yadda ake yi in babba zai sa lambar sirri. Ashe Baba ya rubuta Ashafa, Baffa ma ya rubuta Ashafa, babu wanda ya san ɗan'uwansa ya yi. Ita kuwa saba gurbi ɗaya take ba kowane suna. Wadda ta shigo daga baya ita ke zama a kai, ta farko ta koma baƙuwa.

Da murnata na tara su na yi bayani, na ce ɗaya ya canza suna, kafin shayi ya huce an gama. Ina ma ban buɗe baki ba. Baba ya ce shi ne babba, shi ya riga sawa. Na ce to a sa Ashafa na ɗaya da na biyu, suka haɗu suka harare ni, wa zai zama na biyu? Sai Baffa ya ce shi ya yi jinyar Alhaji har ya cika a cinyarsa. Ya ce Allah bai ba shi ɗa namiji ba, Baba kuwa ya riga ya sa wa yayana Abba sunan, shi ne yanzu ko a jikin na'ura ba za a bar masa ba. Na kasa kallon Baba, don a raina na san inda gaskiya ta fi nauyi, amma wace ni in faɗa wa mahaifina?

Yanzu da safe nake shigar da ta Baba, bayan azahar in shigar da ta Baffa, kamar mai rabon kwana. Wannan ba gyara ba ne. Baffa ya kawo magini ya auna soro, yana maganar a ja katanga, ya kuma tambaye ni inda ake sayen saba. In aka raba soron nan, Gwaggo, ba ofis kaɗai aka raba ba.

Don girman Allah ki kira su, kowa shi kaɗai. Ke ce babbarsu, ke kika yaye su. Ko ki ce wa zai riƙe sunan, ko ki raɗa wa kowacce nata, in daga bakinki ya fito babu mai musu. Ni aikina rubutawa ne kawai. Kada ki ce ni na gaya miki.

Ki gaida Malam, da Yaya Nazeer da iyalinsa, da Aminat, ki ce mata ina nan ina jiran atamfata. Inna da Safiya suna gaishe ki.

Kada ki jinkirta, Gwaggo. Jiya Inna ta aika musu tuwo soro a kwano ɗaya kamar kullum, aka dawo da shi ba a taɓa ba, aka ce a raba biyu.

Taki 'yar,
Jamila Maharazu